Yadda ake karatun famakoloji, daga bakin wanda ya taɓa faɗuwa a cikinsa

Maki 38 na ci a famakoloji, ilimin yadda magani yake aiki a jiki, a zangon farko na aji uku. Ranar da aka liƙa sakamako sai da na bi layin lambata da yatsa sau uku, ko Allah zai sa na wani na karanta. Nawa ne. A wurinmu 50 ake nema, don haka na goya kariyoba na shiga aji huɗu da ita. Abin da ya fi ci mini rai, ba wasa na yi ba. Handawut ɗin malam mai shafi sittin da ɗoriya na haddace shi kusan kaf, har 'yan ɗakinmu suka laƙaba mini Alaramma. Ka ce mini atropine, in zubo maka illolinsa ban ko numfasa ba. Sai takardar jarrabawa ta zo da labarin wani manomi da aka kawo asibiti bayan ya yi feshi a gona, yawu na dalala, gumi ya jiƙa shi sharkaf, baƙin tsakiyar idonsa ya tsuke. Me ya same shi, wane magani za a ba shi, kuma don me? Amsar tana cikin kaina, atropine ɗin nan ne dai da na haddace, amma da ya sake riga sai na kasa gane shi.

Yau ina aiki a sashen ba da magani na wani asibiti. Kwanan baya ɗan yayata da ya shiga aji biyu a famasi ya kira ni: "Kawu, famakolojin nan da 'yan gaba da mu suke ta tsorata mu da shi, ya ake yi da shi ne?" Na ce, "Ɗana, wannan ba maganar waya ba ce, katinka zai ƙare." Shi ne na zauna na rubuta masa, na ga kuma gara in baza ko wani ma zai tsinta.

Wanda bai cike JAMB ba tukuna ya fara tsayawa nan. Famasi daban, famakoloji daban, ko da yake a gida duk "karatun haɗa magani" za a ce kana yi. Famasi sana'a ce mai lasisi: shekara 5 in B.Pharm ne, 6 in PharmD ne, sannan horon aiki na shekara ɗaya da jarrabawar PCN, hukumar da ke kula da sana'ar famasi a Najeriya, kafin a yarda ka tsaya a matsayin mai ba da magani. ABU Zariya da BUK da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Maiduguri duk suna da tsangayarsa. Turanci da bayoloji da kimistiri da fiziks za ka zauna wa a JAMB, kuma sai da kiredit a lissafi. Shi kuwa famakoloji ilimin yadda magani yake aiki ne a jikin mai rai. Ɗalibin famasi yana yin sa, haka ɗalibin likitanci da na jinya da na likitan dabbobi. Wasu jami'o'i suna ba da shi a matsayin digiri mai zaman kansa na shekara 4, kuma wannan digirin ba ya ba ka lasisin PCN. Hanyarsa ta bincike ce da koyarwa da kamfanonin magani da wurare irin NAFDAC ko cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja. Hanya ce mai kyau ga wanda ya zaɓe ta ido buɗe. Na san wanda sai a aji biyu ya gane ba za a ba shi lasisi ba, ranar ko abinci bai ci ba.

To, ka shiga. Shawarata ta farko ba ta da daɗin ji: a hutun da ke gaban zangon da za ku fara famakoloji, koma ka ɗauko littafin fisiyolojin nan, na yadda jiki yake aiki, da ka jefar bayan jarrabawa. Yawancin magunguna ba sa koya wa jiki sabon aiki. Ko dai su zuga wani aikin da jiki ya saba, ko su danne shi. In ba ka san aikin ba, me za ka gane a zugawa da dannewa? Zuciya da ƙoda da hanta duk ka leƙa su, amma inda za ka tare shi ne jijiyoyin nan masu tafiyar da jiki ba da izininka ba, simfatetik da farasimfatetik. A nan na faɗi, kuma a nan yawancin mutane suke faɗuwa.

Ga yadda na riƙe su daga baya. Kare ya biyo ka a lungu da dare. Zuciya ta hau bugu, hanyoyin iska a huhu sun buɗe, ido ya buɗe tar, baki ya bushe, hanji ya tsaya cak don ba lokacin narka abinci ba ne. Wannan simfatetik ne, adirinalin da ɗan'uwansa ke jan ragama. Yanzu kuma ka ci tuwo ka ƙoshi ka kishingiɗa a zaure. Zuciya ta lafa, yawu na gudana, hanji na motsi, mafitsara na neman a sauke ta. Wannan farasimfatetik ne, saƙonsa kuwa wani sinadari mai suna asitilkolin ke kai shi.

Daga nan manomin jarrabawata ya zama wasan yara. Jiki yana da wani enzayim da aikinsa shi ne share asitilkolin da zarar ya isar da saƙo. Fiya-fiya da danginsa na maganin feshi suna kashe wannan mai sharar. Sai asitilkolin ya taru, ya yi ta buga ƙofa ba ƙaƙƙautawa: yawu, hawaye, gumi, amai, gudawa, majina ta cika ƙirji, zuciya ta yi sanyi, baƙin ido ya tsuke. Atropine yana zuwa ya zauna a kan risefta, wato gurbin da asitilkolin yake sauka ya isar da saƙonsa, ya tare wurin, sai ruwan ya fara ƙafewa. Juya hoton kuma. Yaron da ya sha zaƙami, wanda ake wa kirari da haukata-yaro, atropine da hyoscine ya sha a cikin tsiron: baki ƙamas, fata zafi ba gumi, ido a buɗe, zuciya na gudu, yana surutai yana kama abin da ba kowa ke gani ba. Fiya-fiya da zaƙami kishiyoyi ne. Ka riƙe su biyun, jerin illoli ashirin da na wahala ina haddacewa za su riƙa fito maka da kansu. Har ma akwai maganin da ake karya dafin irin su zaƙami da shi, physostigmine, wanda asalinsa daga wani wake ne na yankin Kalaba, kuma aikinsa shigen na fiya-fiya ne, sai dai shi yana sakin enzayim ɗin bayan ɗan lokaci.

(Sunayen magunguna na bar su yadda suke a jikin kwali, don haka za ka rubuta su a jarrabawa, in ban da waɗanda bakinmu ya riga ya lanƙwasa irin su farasitamol.)

Kowane magani aka kawo maka, tambaya biyu za ka yi masa. Me yake yi wa jiki? Me jiki yake yi masa? Ta farkon ita ce famakodainamiks, ta biyun famakokainetiks, kuma ɗalibai sun fi raina ta biyun don akwai lissafi a ciki. Kada ka raina ta, a bakin tagar ba da magani ita ce ke aiki kullum. Ta ina ya shiga jini, ina da ina ya yaɗu, wa ya sarrafa shi, ta ina ya fita. Insulin furotin ne, in aka haɗiye shi ciki zai narka shi kamar tsoka, shi ya sa sai allura. Tetracycline da ciprofloxacin in suka haɗu da nono, sinadarin kalsiyam yakan riƙe su a hanji su wuce ba su shiga jini yadda ya kamata ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro kuwa, artemether da lumefantrine, shi maiƙo yake so don ya shiga jini sosai. Ka ga kwanon fura da nono ɗaya, ya taimaki wani magani ya karya wani. Rifampicin na tarin fuka yana mai da fitsari ja, wannan ba komai, amma yana kuma zaburar da hanta ta riƙa cinye wasu magunguna da sauri, har ƙwayar tazarar haihuwa. Wanda ya san wannan dalili ɗaya ba ya buƙatar haddace dogon jerin magungunan da ba sa shiri da shi.

Sai maganar rabin wa'adi, wato lokacin da magani yake ɗauka kafin rabinsa ya bar jini. Ɗauki biro ka yi da hannunka sau ɗaya: 100, 50, 25, 12.5, 6.25, sai 3 da 'yan kai. Bayan rabin wa'adi biyar kusan ya ƙare. Haka nan in ana shan sa a kai a kai, sai bayan huɗu zuwa biyar yake daidaita a jini. Na farasitamol awa 2 zuwa 3 ne, shi ya sa ake maimaita shi sau uku ko huɗu a yini. Na amlodipine na hawan jini ya kai awa 30 zuwa 50, sau ɗaya a rana ya isa, kuma sai ya yi kamar mako kafin ya zauna daram. Dattijon da ya dawo mini bayan kwana biyu yana cewa "Likita, maganin nan naka bai karɓe ni ba," wannan lissafin nake fassara masa da Hausa.

Yanzu batun yawan sunaye, wanda shi ne ke sa ɗalibi ya ji kamar ya gudu. Magunguna gida-gida suke, kuma galibi sunan gidan yana wutsiyar suna. Masu ƙarewa da -olol suna tare riseftar beta, su sassauta bugun zuciya. Masu -pril da masu -sartan da masu -dipine duk na hawan jini ne, kowanne da hanyarsa. Masu -statin na rage kitsen jini, masu -floxacin na kashe ƙwayoyin cuta. Kada ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Nemi maigidan, ka san shi ciki da bai, sauran kuma ka tambayi abu ɗaya kawai: ina wannan ya saɓa wa maigida? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A gidan -olol propranolol ne maigida. Yana tare beta 1 da beta 2 duka. Beta 1 a zuciya take, zuciya ɗaya gare ka. Beta 2 a huhu, huhu biyu gare ka. Tunda salbutamol, abin shaƙar masu asma, beta 2 yake zugawa don hanyar iska ta buɗe, ai ba sai an gaya maka abin da propranolol zai yi wa mai asma ba. Atenolol da bisoprolol sun fi karkata ga beta 1, bambancinsu ke nan, layi ɗaya ya ishe su a littafinka. A gidan -pril kuwa ka riƙe busasshen tari da dalilinsa, taruwar wani sinadarin jiki mai suna bradykinin, da cewa ba a ba mai ciki.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Metronidazole da albendazole da fluconazole da omeprazole da carbimazole duk da -azole suka ƙare, amma na farko na atini ne da wasu ƙwayoyin cuta, na biyu na tsutsar ciki, na uku na cutukan fangas, na huɗu na olsa, na biyar na maƙoƙon da ya yi yawan aiki. Sai ka ƙara ja baya da harafi biyu zuwa huɗu kafin sunan gidan gaskiya ya fito: -nidazole, -bendazole, -conazole, -prazole. Na taɓa rasa maki biyar a gwaji a kan wannan.

Littafi kuwa, ɗaya babba ka zaɓa ka zauna da shi, da wani ƙarami mai zane-zane na saurin dubawa. Tara littattafai shida a waya ba karatu ba ne. Handawut taswira ce ta inda malam zai bi, ka karanta shi, amma dalilan suna cikin littafi.

Abin da ya juya ni gaba ɗaya a lab ya faru, a shekarar da nake maimaita kwas ɗin. A karon farko ban ɗauki furatikal da muhimmanci ba, ina bayan mutane ina jira a gama in kwafi sakamako. A karo na biyu kunya ta sa na matsa gaba. Akwai wani dattijon ma'aikacin lab da muke ce wa Baba. Ya yanko guntun hanjin zomo kamar tsawon gaɓar yatsa, ya ɗaure shi da zare, ya rataya a cikin 'yar kwalbar ruwan Tyrode, wani haɗin ruwan gishiri da ke riƙe hanjin da rai, mai ɗumin digiri 37, iska na ɓulɓulowa daga ƙasa. Hanjin nan, ba zomo ba komai, yana ta motsinsa, alƙalamin na'ura yana zana tudu da kwari a takarda. Baba ya miƙo mini sirinji ya ce, "Ɗan nan, zo ka ɗiga." Na ɗiga asitilkolin, alƙalami ya yi sama. Muka wanke sau uku, muka jira ya dawo daidai. Na ɗiga adirinalin, zanen ya kwanta. Muka sake wankewa. Sai ya ce in sa atropine, in jira, sannan in maimaita asitilkolin daidai adadin farko. Shiru, alƙalami bai ko ɗaga ba. Ya ce, "Ƙara masa." Na ninka, na sake ninkawa, sai ga shi ya fara hawa. Baba ya dube ni ya ce, "To, me ka gani?" Na ce, "Baba, kujera ɗaya suke rigima a kai, wanda ya fi yawa shi ke zama." Ya ce, "Shi ke nan, je ka rubuta." Shafi uku na haddace a kan wannan a aji uku ban gane ba. Gani ya kori ji.

Saboda haka ka matsa gaba a lab, ka riƙe sirinji da hannunka, ka koyi kama ɓera ta ƙeya ba tare da ka wahalar da shi ba. Ka kuma iya lissafin awo tun kafin a tambaye ka. Ɓera mai nauyin giram 20, ana so a ba shi miligiram 100 a kan kowane kilo: giram 20 kilo 0.02 ne, ka ninka da 100, miligiram 2 ke nan. In ruwan maganin da ka haɗa yana da miligiram 10 a kowace mililita, mililita 0.2 za ka zuƙa. Kullum ka rubuta ma'aunin kusa da lambar. Ɗigo ɗaya ya goce, ka ba da ninki goma, kuma wannan lissafin ne dai za ka yi wa jariri wata rana.

Kada ka ce na hana hadda. Akwai abin da ba makawa sai an haddace: sunaye, awo, makarin guba. Naloxone ga wanda kodin ko dangin morphine suka danne wa numfashi, acetylcysteine ga wanda ya zarce a farasitamol, da cewa babba ba ya wuce giram 4 na farasitamol a yini. Kuskurena shi ne na yi hadda kafin fahimta, kuma na yi ta irin ta daren jarrabawa. Alhali hanyar tana gidanmu tun muna yara. Wane mahaddaci ka taɓa gani ya yi ƙari ya wanke allo ya tafi bai waiwaya ba? Tishi ke riƙe karatu. Na yanka kwali ƙanana, gaba sunan magani, baya kuma gidansu da yadda yake aiki da amfaninsa da babbar illarsa da wanda ba a ba. Katin da na yi yau zan biya shi gobe, sai bayan kwana uku, sai mako, sai wata. Wanda na kasa ya koma farkon layi. Bayan sallar asuba nake yi, minti talatin, kafin hostal ya tashi da hayaniya. Yanzu akwai manhajar Anki da ke tsara maka wannan a waya, amma katin ka rubuta shi da kanka, rabin karatun a rubutawar yake. Kuma ka rufe littafi ka faɗa da ka. Bin layi da ido kana gyaɗa kai yaudarar kai ce, na yi ta shekara guda.

Mu huɗu muka riƙa zama ranar Asabar kamar musaffa. Kowa ya zo da mara lafiya na ƙirƙira: tsohuwa mai hawan jini da ƙafarta ta kumbura bayan an sauya mata magani, direba mai asma da aka ba maganin bugun zuciya. Sauran su gano. Wanda ya ba da amsa sai an ce masa "don me?" har sau uku kafin a ƙyale shi. In kun wuce biyar hira za ta koma ƙwallo.

A ɗakin jarrabawa, tambayar rubutu ka fara da gidan maganin da yadda yake aiki, ka yi ɗan zane in zai yiwu, sannan amfani da illa su biyo baya, kowace illa da dalilinta a gefe. Malamin da ke da takarda ɗari biyu a gabansa zane yake fara gani. Tambayoyin "gaskiya ko ƙarya" kuma ka bincika tun wuri ko ana zare maki in an yi kuskure; in ana yi, wadda ba ka sani ba ka bar ta. Tsofaffin tambayoyi ka neme su a makon farko na zango, don ka san irin tunanin da ake nema, ba don ka haddace amsa ba.

Furojet na ajin ƙarshe, in a famakoloji ka faɗa, da wuya ka tsallake tsiro: sabara, marke, hano, zogale, ana jiƙa su a gwada a kan ɓeraye. Kafin ka daka komai ka kai ganyen ɗakin adana tsirrai a tantance shi a ba ka lamba, don suna ɗaya na Hausa yakan hau tsiro biyu. Ka tanadi kuɗin ɓeraye da abincinsu da wuri. Kuma in sassaƙe ya rage wa ɓera ciwo, abin da za ka rubuta ke nan, ya rage wa ɓera ciwo. Tsakanin wannan da "yana maganin ciwo a jikin mutum" akwai tafiyar shekaru.

Abu na ƙarshe zai same ka tun kafin ka gama. Daga ranar da aka ji kana karatun magani ka zama likitan dangi. Kada ka rubuta wa kowa magani, ba ka kai ba, doka ma ba ta ba ka ba. Abin da za ka iya shi ne ka ce a kawo maka duk abin da ake sha, ka karanta ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin sunan kamfani. Ina aji huɗu na je hutu na tarar da Baffana yana fama da gwiwa, yana kuma kukan zafin ciki da baƙin bayan gida. Na ce, "Baffa, a ɗauko mini ledar magungunan." Kwali uku, launi uku, daga kemis uku: diclofenac, ibuprofen, piroxicam. Gida ɗaya ne, dukkansu suna hana jiki yin prostaglandin, wanda shi ke kawo zafin gwiwar, shi ne kuma ke kare bangon ciki. Ya ce, "Ai kowanne da aikinsa, wannan na safe ne, wannan na dare." Na ce, "Baffa, mutum ɗaya ne ya sake riga sau uku." Na ƙulle ledar na sa a aljihuna, na je na aro babur ɗin maƙwabci muka tafi asibiti.